Kafin Ki Kira Mai Gwangwan, Tsaya Ki Tambaya

 

Akwai wata rana da kusan kowace mace za ta gani idan Allah Ya ja kwananta, wato ranar da za a buɗe ɗakin tsohuwar gida bayan rasuwarta, a fito da kayanta tsakar gida domin rabon gado. Maza su ne da lissafin gona da fili da dabbobi, amma adudu da akwati da kwalla da ƙullin tsumman da ke ƙarƙashin gado, mu mata ake bar wa. Mu ne muke kwancewa, mu ne muke cewa wannan na rabo ne, wannan na sadaka ne, wannan kuwa tarkace ne a kira mai gwangwan ya auna ya ba da abin da ya samu. To a kan abin da muke kira tarkacen nan nake son mu tsaya yau, domin a nan ake yin asarar da ba a mayar da ita, wani lokaci ma har a ɗauki alhakin mamaci ba tare da an lura ba.

Kakata ta wajen uwa ta rasu a Wurno tana da shekara 90 da 'yan kai. Ba a samu zama don rabon kayanta ba sai bayan kusan shekara guda, saboda ɗaya daga cikin kawunnaina ya bi ta bayan wata 4, ya bar yara ƙanana. Ranar da aka buɗe adudunta, a can ƙasa cikin wata tsohuwar tasa, muka tarar da ƙullin baƙin saƙi. Da aka kwance sai ga ɗan mutum-mutumi na tagulla, tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Siffar namiji ce a tsaye, da 'yar ganga a kansa, da lofe a bakinsa. Launinsa ya yi duhu kamar tsohuwar zuma, an naɗa wata siririyar waya ta jan ƙarfe a ƙafarsa ɗaya, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan tabo mai ruwan toka. Babu rubutu a jikinsa, babu hatimi, babu wata alama da za ta ce ga wanda ya yi shi ko ga inda ya fito.

Uwargida, kin san halinmu. Tsakar gidan ta yi tsit, sai wata ta ja da baya tana neman tsari, wata kuma ta ce ƙasa-ƙasa, ashe tsohuwa tana da 'yar ajiyarta. Kafin la'asar magana ta tsallaka katanga, an fara raɗe-raɗin bori. Wata ta ce a jefa shi gulbin Rima, wata ta ce a binne shi a bayan gari, wata ta ce a haɗa shi da tsofaffin tukwane a ba mai gwangwan a huta. Idan ba ki san Wurno ba, ba za ki gane nauyin wannan magana ba. Gari ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a matsayin ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. 'Yar uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta tsara 'Yan Taru da jajinsu don su shiga ƙauyuka su karantar da mata, su janye su daga bori. A irin wannan gari a ce an sami gunki a adudun tsohuwar da ta karantar da rabin 'yan matan unguwa alwala da salla, ai tabo ne da zai bi 'ya'yanta da jikokinta har wurin neman aure.

Mahaifiyata ba ta yi musu da kowa ba. Ta karɓi abin ta mayar cikin tsummansa, ta roƙi 'yan uwanta su ba ta mako 2 kafin a yanke hukunci, sannan ta miƙo mini ta ce in je in tambayo. Abu guda muka yi yarjejeniya a kansa tun a ranar: ba za a wanke shi ba. Wata ƙanwata har ta kawo toka da lemon tsami, yadda muke goge tasa ta yi ƙyalli, aka hana ta. Wannan duhun da ke jikin tsohuwar tagulla shi ne shaidar shekarunta, wurin da hannu ya side kuma shi ke nuna yadda aka riƙa amfani da abin. Duk wadda ta goge su ta share amsar tambayarta da hannunta.

Wurin da na fara zuwa shi ne Rabah, garin da aka haifi Sardauna, domin a can dangin mijina suka san wani tsohon maƙerin fari. Kin san maƙera iri 2 ne a ƙasar Hausa: maƙeran baƙi masu fartanya da lauje da gatari, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, su ne masu mundaye da zobba da kayan adon doki. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, wani abu na kawo a duba mini." Ya karɓa ya jujjuya a tafin hannu, ya kara masa mayen ƙarfe bai kama ba, ya ce to wannan ba baƙin ƙarfe aka rina ba, tagulla ce ta gaske, wato jan ƙarfe da aka gauraya da tutiya. Sannan ya nuna mini gefen jikin, ya ce in duba ko zan ga layi daga kai zuwa ƙafa. Babu. Ya ce kayan inji da na kamfani ana zuba su ne a mazubi mai ɓari 2, don haka sukan bar layi a inda ɓarin suka haɗu. Wannan kuwa zubin kaki ne. Ana fara gina siffar da kakin zuma, a shafe ta da laka mai laushi, a ƙara lulluɓe ta da yumɓu mai kauri, a bar 'yar kafa. Idan aka gasa sai kakin ya narke, a zuba narkakkiyar tagulla ta maye gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun a ciro abin. Tunda sai an fasa mazubin, kowane ɗaya ba shi da tagwai a duniya.

Na tambaye shi ko aikin maƙeran ƙasar nan ne. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyata, wanga ba zubinmu na ba. Mu iyayenmu ba su zuba mutum ba." Ya ce ba kuma hannun Nufawan Bida ba ne, domin su an fi sanin su da faranti da tasa da buta, waɗanda ake bugawa da guduma a yi musu zane da tsinken ƙarfe. Amma abin da ya fi tsayawa a kai shi ne wayar nan ta ƙafa da tabon ƙasa. Ya ɗan kankari tabon da farce ya ce darma ce aka ɗura. Ya nuna mini kuma wani gefe na gangar da aka ci da magagari. Ya ce maƙeri ba ya ɓata aikin da ya gama da hannunsa haka kawai. Wanda ya ƙara darma a nan, ya rage tagulla a can, ya naɗa waya, nauyi yake nema ya daidaita. Shawararsa ita ce in kai wa masu awon zinariya su ɗora a sikelinsu.

Haka aka yi. A kasuwar Sakkwato wani mai sayar da gwal ya ɗora shi a ɗan sikelinsa, ya tashi giram 18 ba kaɗan. Wannan lamba ba za ta ce miki komai ba sai kin tuna da misƙali. Kin san shi a babin zakka: nisabin zinariya misƙali 20 ne, wanda malamai suka ƙiyasta da giram 85, wato kowane misƙali giram 4 da kwata. Misƙalin da fatake suka yi ciniki da shi a Afirka ta Yamma ya ɗan ɗara haka, yana wajen giram 4 da rabi. Kin ga ke nan abin hannuna ya yi kusa da misƙali 4 na fatake. Nauyi kaɗai ba ya zama hujja, amma idan aka haɗa shi da darma da waya da cin magagari, hanya ta fara fitowa.

Wadda ta buɗe hanyar gaba ɗaya ita ce ƙanwar kakata da ke aure a Goronyo, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Idonta ya yi rauni, amma hankalinta garau. Da na shiga ta ce, "Kishiyata, mi ya kawo ki da rana tsaka?" Na sa mata abin a hannu ban ce komai ba. Ta shafa kan, ta shafa lofen, sai ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ashe Yaya ta aje nata! Kayan awon kakanmu na, shi yaz zo da su daga Gwanja." Ta ba ni labari cewa kakansu bafatake ne, ya yi tafiyar goro tun yana saurayi. Sun tashi sun same shi tsoho tukuf, yana da wata jakar fata da ba ya bari a taɓa sai yana wurin. A ciki akwai ɗan ma'auni mai faranti 2 kamar marfin kwalba, da ɗan cokali na tagulla, da irin waɗannan abubuwa masu yawa, wasu siffar tsuntsu, wasu kifi, wasu kuwa 'yan dunƙule ne masu zane. Yakan fito da su ya nuna musu yadda ake awon garin zinariya a ƙasar Tonawa. Da ya rasu aka raba wa jikoki mata ɗaya-ɗaya, kowace ta tafi da nata ɗakin miji. Nata kifi ne, yana cikin akwatin da ambaliyar 2010 ta tafi da shi.

Wataƙila ki yi mamakin me ya haɗa mutumin Wurno da Gwanja, wadda take arewacin ƙasar Gana ta yau. Ai hanyar tsohuwa ce, tun ƙarni na 15 ake ambaton ta a tarihin Kano, kuma a zamanin daular Usmaniyya ta bunƙasa ƙwarai, domin goro shi ne abin marmarin da Musulunci bai hana ba. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, da jakuna da alfadarai da takarkarai, a bi ta Jega, a haye Kwara, a ratsa ƙasar Bargu har a kai kasuwar Salga, inda Tonawa, wato mutanen Asante, suke kawo goro daga kurmi. Ana tafiya da kanwa da tufafi da jar fata, har da gabu, busasshen ganyen albasar nan da fadamunmu suka saba da shi. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa. Baturen nan Clapperton, wanda ya ziyarci Muhammadu Bello, ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, mutum fiye da 1,000 maza da mata. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, Hausawa da yawa suka gangara kudu suka zauna a Kumasi da sauran garuruwa. Kalmarmu ta zango ita ce har yau ake kiran unguwannin baƙi Musulmi da ita a Gana.

Da na koma Sakkwato sai na nemi wani ma'aikacin gidan adana kayan tarihi, na nuna masa abin, na kuma karanta masa abin da na rubuta daga bakin maƙeri da na tsohuwa. Ya ce maganganun sun dace da juna. Mutanen Akan, waɗanda Tonawa suke cikinsu, sun yi kusan shekara 500 suna amfani da garin zinariya a matsayin kuɗi, daga wajen 1400 zuwa wajen 1900, lokacin da mulkin Ingila ya hana aka koma kuɗin Turawa. Kowane ɗan kasuwa yana da jakarsa ta ma'auni da cokali da duwatsun awo na tagulla, mai saye ya auna da nasa, mai sayarwa ya auna da nasa, sai sun yarda ciniki ya faɗa. Na farko-farko 'yan dunƙule ne masu zane, daga baya aka shiga yin siffofin mutane da dabbobi da kayan aiki. Wani masani mai suna Timothy Garrard, a littafinsa na 1980 kan waɗannan ma'aunai, ya nuna cewa tushen awon nasu daga misƙalin Musulunci yake, wanda Wangarawa suka kai musu ta hanyar ciniki. Kin ga abin da aka so a kira gunki, ashe da awon da muke fitar da zakka da shi yake da dangantaka.

To wa ya ƙera shi? Maƙeran zinariyar Akan ba sa sa suna a aikinsu, sana'a ce ta gado da ake koya a cikin dangi, kuma sun zuba irin waɗannan ma'aunai miliyoyi. Don haka amsar da ake samu ita ce ta jama'a da ƙasa da zamani: maƙerin Akan ne, a ƙasar da take Gana a yau, kafin a daina awon garin zinariya. Siffar ma tana da ma'ana, domin da yawa daga cikin ma'aunan karin magana ne aka zuba a tagulla. Mutum da gangar albarushi a ka da lofe a baki sananne ne a cikinsu, ana fassara shi da gargaɗi ga wanda yake ɗauke da haɗari ya kula da wuta. Ma'aikacin ya ƙara mini da cewa har yau ana zuba sababbi a kusa da Kumasi don masu yawon buɗe ido. Su sababbin gefensu da kaifi, baƙinsu na shafe ne, kuma ba za ki ga darma ko waya a jikinsu ba, tunda ba wanda ya taɓa awo da su. Namu kuwa hanci da gwiwa duk sun side saboda shekarun da ya yi yana shiga jaka yana fita.

Ba kowane ɗan mutum-mutumin tagulla ne ma'auni ba, don haka kada ki ɗauki labarina ki ɗora a kan naki. Abin da za ki ɗauka shi ne yadda ake tambaya. Duba ko yana da 'yar kafa ko zobe na rataya. Idan yana da shi, abin sawa a jiki ne. Kotoko na bakin tafkin Chadi suna zuba ɗan doki da mahayinsa, ƙarami ƙwarai, a rataya wa mai taɓin hankali a matsayin magani, sau da yawa a ɗinke shi cikin fata, kuma wannan hukuncinsa a addini daban ne da na ma'auni. Duba ƙasansa: idan akwai ramin kusa mai zare, to marfi ne ko mariƙi da ya ɓalle daga jikin wani abu, kamar fitila ko agogo ko akwati. Idan kin ga layin mazubi, ko kika ga irinsa sak a wani gida, kayan kamfani ne irin na tsarabar da ake shigowa da ita daga Indiya da Sin. Idan kuwa babba ne mai nauyi, da adon murjani a wuya da hular sarauta, to ki yi hattara ƙwarai, domin irin aikin fadar Bini ke nan, wanda sojan Ingila suka kwashe dubbai a 1897. Har yanzu ana karɓo su: Jamus ta mayar wa Nijeriya mallakar fiye da 1,000 a 2022, Holan ta dawo da 119 a 2025.

Sanin asalin abu bai kawar da tambayar addini ba, don haka muka je wurin malamin da ke yi wa gidanmu rabon gado. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da aka samu, ga kuma abin da bincike ya nuna." Ya raba maganar gida 3. Na farko, ya ce malaman Malikiyya sun yi bayani cewa siffar abu mai rai wadda take da jiki da inuwa, gaɓoɓinta cikakku, ba a ƙera ta, ba a kuma kafa ta a ɗaki don ado, in ban da 'yartsanar wasan yara mata da aka yi rangwame a kanta. Saboda haka kada wata ta ɗora shi a kan kabad. Na biyu, ya ce samun abu a adudun mutum ba shaida ba ce a kan imaninsa. Alƙur'ani ya gargaɗe mu game da yawan zato, Manzon Allah (SAW) kuma ya hana zagin matattu, don haka duk wadda ta furta kalmar bori a kan tsohuwar nan ta nemi gafarar Allah, ta kuma koma inda ta kai maganar ta gyara. Na uku, ya ce tagulla dukiya ce, kuma a cikin magada akwai marayu. Babba yana iya yafe rabonsa, amma ba wanda yake da ikon yafe na maraya ko ya jefa shi a gulbi.

Abin da aka yi shi ne, aka nemi waɗanda suka san kan abin suka yi masa ƙima. Ba wata dukiya ce mai yawa ba, tunda irinsa suna da yawa a duniya, amma ta ninka abin da mai gwangwan zai bayar a kan giram 18 nesa ba kusa ba. Babban kawunmu ya zuba kuɗin a cikin gado aka raba, marayu suka sami haƙƙinsu, sannan ya miƙa abin ga gidan tarihi tare da takardar da ke ɗauke da sunan kakan kakanmu da garinsa da hanyar da ya bi. Mahaifiyata kuma ta tara matan da suke tsakar gida a ranar farko, ta sa na karanta musu takardar daga farko har ƙarshe.

Dalilin da ya sa na ga ya wajaba in rubuto miki wannan shi ne halin da yankinmu yake ciki. Shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Rabah da Goronyo da Wurno, ba mu manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba, wanda ya ci rayuka fiye da 40. Matar da ta gudo da 'ya'yanta da ƙulli ɗaya a ka, idan yunwa ta matsa, tasar gado da mundayen kaka su ne farkon abin da take sayarwa, kuma ba mai ganin laifinta. Amma akwai masu bin irin waɗannan mata suna saye da awon kilo, su ware na narkarwa, su ware wanda za a fitar waje a sayar da tsada. Abin ba sabo ba ne: tun a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina a jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba da izini ba, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta ambata. Idan kina da 'yar uwa da ta shiga wannan hali, taimakon da za ki yi mata shi ne ki raka ta a tambaya kafin ta sayar. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, a Kano akwai Gidan Makama.

Saura abu guda, kuma shi ya fi duk sauran gaggawa. Maƙeri ya karanta ƙarfe, mai gwal ya ba da nauyi, ma'aikaci ya kawo littafi, amma wadda ta ce ga mai shi, ga inda ya samo, tsohuwa ce mai shekara 80 da wani abu, kuma irinta kullum raguwa suke yi. Don haka kada ki jira ranar rabon gado. Idan kina da uwa ko kaka ko suruka da rai, ki zaɓi wata ranar da take cikin nishaɗi, ki kai mata goro, ki roƙe ta ta buɗe adudun da kanta. Duk abin da ta ɗauko ki tambaye ta na wane ne, daga ina, me ake yi da shi, wa ya ba ta. Ki sa 'yarki mai zuwa makaranta ta rubuta, a ɗauki hoto da waya gaba da baya da ƙasa, a ajiye takardar tare da abin a wuri busasshe, a cikin tsumma mai tsabta ba leda ba. Ko da abin bai kai kuɗin kwanon gero ba, yaranki za su san cewa kakanninsu sun yi fatauci, sun yi sana'a, sun auna da gaskiya, kuma ba wanda zai tsaya a tsakar gida ya faɗi abin da bai sani ba a kan wadda ba ta da bakin kare kanta.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Sakkwato da Nijeriya baki ɗaya, Ya tsare harsunanmu daga cin naman matattu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.